Ido Ba Mudu Ba Ne, Ya Maharbin Saga

Fofo, bawana. Ina gajiya, ina ƙurar albarushi? Yaya kafaɗa? An ce mini har yanzu da cokali a hannun hagu kake cin dambu, in za ka sa riga kuma sai matata da na ba ka ajiya ta kama maka. Allah ya ƙara sauƙi. Na so in zo dubiya da ƙafata, amma da na ji bindigar tana nan jingine a bayan ƙofa, kuma har gobe kai ne mai ɗura ta, sai na ga gara in yi zamana a Tsibiri in aiko da takarda. Tsakanina da kai ya haura kilomita 600, ina jin dai na tsira.

Masu karatu, ku yi mini haƙuri in ba ku labarin daga tushe. Bazabarmen nan nawa ya ajiye aikin gwamnati ya koma gidansu a Saga, can ƙasan Yamai a bakin kogi, kan hanyar Kollo. Yana da 'yar gonarsa ta shinkafa a fadama, yana da inuwar mangwaro, yana da buta da tabarma. Mutum mai hankali da ya gode wa Allah. Sai ɗansa ya yi kuskuren saya masa babbar waya. Tun daga ranar ya daina barcin rana, ya koma kallon Turawan Amurka masu haɗa harsashin farauta da hannunsu. Bayan mako biyu ya tara majalisa ya ce abin nan ba wani abu ba ne, shi ma jinin maharba ne, kuma bana sai ya kayar da ɓauna. Ya hau kujera ya sauko da bindigar kakansa daga saman azara, wadda rabonta da wuta tun zamanin Diori Hamani.

Ranar gwaji ya kafa gwangwanin madara a kan jingar da ke tare kogi. Ya ce ya tuna kakansa yatsu kaza yake ɗurawa, amma shi da yake ya yi boko, kuma ɓauna ce a ransa, bari ya ƙara mata. Ya zuba, ya duba, ya ce ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya ƙara zubawa. Ya cusa tsumma, ya danna, ya durƙusa, ya rufe ido biyu, ya ja kunama.

Waɗanda suka ga abin sun ce an ji ƙarar har Gamkalle. Masu wanki a bakin kogi suka watsar da sabulu. Jakin maƙwabci ya tsinke igiya, sai da yamma aka samo shi wajen Libore. Da hayaƙi ya washe aka nemi maharbi aka rasa, sai can aka hango hula tana yawo a kan ruwan kwalbati, mai ita kuma yana ƙarƙashinta tsamo-tsamo. Janbakin da suka tashi daga shinkafa suka yi kewaye ɗaya suka dawo suka ci gaba da kalacinsu. Gwangwani kuwa yana nan inda aka ajiye shi, ko ƙwarzane babu. An ce yara sun ɗauke shi suna zagaya unguwa da shi suna yi masa kirari.

Da aka tsamo ka, bawana, wai abin da ka fara cewa shi ne harbi a gidanku gado ne. Ban musa ba. Hausawa ma sun ce harbi ga ɗan jaki gado ne, sai dai wannan karon bindigar ce ta nuna nata gadon a kafaɗarka.

To zauna in karantar da kai, tunda hakkin ubangida ne ya wayar da bawansa. Abin da ka gani a waya sana'a ce ta gaske, amma ka kalli ƙarshenta ka tsallake farkonta, yadda ka saba yi wa takardun ofis. Harsashin bindigar zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, 'yar hular da ke gindinsa wadda allurar bindiga ke sara ta ba da tartsatsi, garin albarushi, da ƙwayar da ke fita. Mai haɗa nasa yakan tsince kwanson da ya harba, ya goge shi, ya matse shi cikin wani ƙarfe ya koma ainihin girmansa, ya auna tsawonsa, ya sa sabuwar hula, ya auna gari, ya dasa ƙwaya. Na san inda abin ya burge ka shi ne wajen tsince kwanso, don Bazabarme ba ya yar da komai. Su kuwa dalilinsu daban. Kowace bindiga da halinta. Biyu za su fito daga maƙera ɗaya rana ɗaya, ɗurin da wannan ke so waccan ta ƙi shi, kamar kishiyoyi da miya. Mai bindiga yana neman ɗurin da tasa za ta riƙa aika ƙwaya wuri ɗaya kullum.

Ga inda karin maganarka ta kashe ka. Ma'aunin mutanen nan sunansa giren, asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir guda, kuma giren 15 da 'yar ɗoriya ke yin giram ɗaya. Sikelinsu yana gane kashi ɗaya cikin goma na giren. Ka ɗauki ƙwayar shinkafar gonarka guda, ka raba ta uku ko huɗu, gutsure ɗaya shi ne abin da suke gardama a kai. Kai da ko tiyar gero in ka auna sau biyu ba ta fitowa daidai, wane ido gare ka da zai san wannan kimar?

Kuma ba daga kansa mutum ke ƙago adadi ba. Kamfanonin gari da na ƙwaya suna buga littattafai bayan sun yi gwaji a ɗakunan gwajinsu, su ce ga inda za ka fara, ga iyakar da ba a ƙetarewa. Mai hankali daga ƙasa yake farawa. Ya haɗa uku ko biyar, ya ƙara ɗan kaɗan ya haɗa wasu, ya je fili ya kafa takarda a nisan mita 100, ya ajiye na'urar auna gudun harsashi a gabansa. Duk wanda ya harba sai ya ɗauki kwanson ya duba shi kamar likita. In hular ta baje, ko sakatar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa, ya san matsi ya yi yawa, sai ya tsaya ya koma baya. Komai yana rubutawa a littafi, har da ranar da zafin da ake yi. Aikin yakan ci watanni kafin ya ce ya samu. Kai kuwa tsakanin la'asar da magariba ka fara, ka gama, ka yi wanka.

Ka san abin da ya sa suke wannan tsantseni? Mai faci yana sa wa tayar mota iska kilo 2 da ɗan kai, kuma ka ga yadda kowa ke firgita in ta fashe. A cikin bututun bindigar farautar manyan namun daji, matsin yakan kusanci kilo 4,000 a kan wurin da bai fi farcen ɗan yatsanka ba, kuma fuskarka tana tazarar taƙi ɗaya da shi. Zafin rana ma yana ƙara shi. Ɗurin da ya zauna lafiya a sanyin Janairu yana iya yin tsauri a watan Afrilun Yamai, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa.

Na ji kana ta ambaton "matsakaicin baki" a majalisa kamar sunan surukinka. Bari in gaya maka su wane ne. A 1905 wani maƙerin bindiga na Balin mai suna Otto Bock ya fito da harsashin da ake kira 9.3x62, don Jamusawan da suka zauna a Afirka su sami abin da zai shiga bindigar Mauser mai araha, ya kuma iya da manyan dabbobi. Ƙwayarsa da aka fi sani giram 18 da rabi ce. A 1912 kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da .375, faɗin ƙwayarsa milimita 9 da rabi, mai nauyin ciki tana da giren 300, tana fita da gudun da ya haura mita 750 cikin daƙiƙa ɗaya. Sun yi kwansonsa da siririn kai, yana tsukewa sannu a hankali, don ko rana ta gasa shi ya fito daga bindiga ba gardama, saboda garin wancan zamani ba ya shiri da zafi. Har yau ƙasashen Afirka da dama da ke ba da izinin farautar ɓauna da giwa, kusan nan suke sa iyakar mafi ƙanƙantar abin da za a ɗauka. Ana ce musu matsakaita ne don sun fi bindigar barewa, ba su kai manyan bindigogin giwa ba, mutum na iya jure dukansu a kafaɗa ya kuma sami saiti. Na ce mutum.

Ƙwayar ma aji-aji ce. Akwai mai laushin kai da ke bajewa in ta shiga nama, akwai daskararriya da ke ratsa ƙashi ba ta lanƙwashe ba. A 1946 wani Ba'amurke, John Nosler, ya je farauta a yammacin Kanada, ya harbi wani ƙaton naman daji na ƙasar sanyi wanda taɓo ya bushe a jikinsa, ƙwayar ta tarwatse a kafaɗa ba ta shiga ba. Bai tara majalisa ya ce an yi masa asiri ba. Ya koma gida ya ƙera ƙwaya mai shamaki a tsakiya, gaba ya baje baya ya ci gaba da tafiya, a 1948 ya fara sayar da ita, ana kuma amfani da ita har yau. Ɓauna ma haka take, kullum cikin birgima a taɓo. Kai kuma an ce guntayen ƙusa da ƙwallayen keke da ka tsinto a kasuwar Katako ka tanada mata. Ɓaunar da ta kai rabin tan, in ka watsa mata wannan tarkacen, ba kashe ta ka yi ba, sanar da ita ka yi inda kake.

Ita kanta bindigar kakan naka ba abin rainawa ba ce, mai riƙon ne matsala. Irinta 'yan kasuwar Turai suka yi ta saukewa a bakin teku a ƙarni na 18 da na 19, har Turawan Ingila suka laƙaba mata sunan Denmak saboda 'yan ƙasar da ke da ganuwa a Akra a lokacin. Daga baya maƙeranmu suka koyi ƙera ta. Mu muna ce mata bindigar toka, ko baushe, ko harba-ka-ruga. Wannan suna na ƙarshe kamar don ku aka raɗa shi. Ba ku ne kuke ba da labari da bakinku ba, cewa da rigima ta tashi, kakanku Mali Bero ya tara jama'arsa a kan gindin rumbu, abin ya tashi sama da su bai dire ba sai Sargan? Mutanen da suka fara tarihinsu da gudu a jirgin rumbu, wace bindiga za ta dace da su in ba wadda ake harbawa a ruga ba? Kai ma da ka bi sunnar gida ka ruga, da ba a tsamo ka a kwalbati ba.

Na san za ka jawo mini Babatu da ya girgiza ƙasar Gurunsi, da Isa Korombe na Koygolo da ya faɗi a fagen fama a Bumba a 1896. Mazaje ne, na cire musu hula. Sai dai ban ji inda ɗayansu ya yi karo da gwangwanin madara gwangwanin ya yi nasara ba.

Kafin ka tono ni, bari in tona kaina. Masu tarihi suna ba da labarin cewa a Alƙalawa, gab da jihadi, Sarkin Gobir Yunfa ya ɗana wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bindiga, wuta ta dawo ta baya ta ƙone shi. Malamai suna lissafa wannan cikin karamomin Shehu, ni kuma ba ni da ja. Abin da na sani shi ne tun ranar Bagobiri ya koyi girmama abin da ke cikin bututu. Mun riga ku shiga wannan aji da shekara 200 da ɗoriya, kuma sarki guda muka biya kuɗin makaranta da shi. Saboda haka in na yi maka magana, tsohon ɗalibi ne ke yi.

Nan kuma zan ajiye wasa na ɗan lokaci. An ce mini ka fara tambaya ko za a fasa harsashin zamani a juye garinsa a bindigar kakanka. Kada ka kuskura. Garin toka da garin zamani ba dangi ba ne. Na zamanin, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fito da shi a 1884, ƙarfinsa ya ninka na da wajen sau uku, kuma ƙarfen da aka yi dominsa daban ne. Tsohon bututu mai tsatsa ba ya ɗaukarsa, tsagewa yake yi, ya tafi da yatsu, wani lokaci da ido. Duk garin da ke da maharba akwai mai guntun hannu da zai ba ka wannan labari. Ina son in ci gaba da zaginka shekaru masu yawa, kuma ba daɗi a zagi mutumin da ba shi da yatsan da zai yi maka daƙuwa.

Tsofaffin maharban da kake taƙama da su ba da ido suke aiki ba. Na tashi na ga na garinmu. Kowane da ma'auninsa, ɗan ƙaho ko guntun gora da aka yanke daidai, wanda ya gada tare da bindigar, ba ya ara ba ya ba da aro. In ya ɗura sai ya zura sanda, ya jera yatsu a kan abin da ya rage a waje, nan zai gane ko ɗuri ɗaya ne a ciki ko an manta an yi biyu. Ɗurin zabo daban, na barewa daban, na gadu daban. Ya san iyakar inda bindigarsa ke kaiwa, shi ya sa yake ɗaura kan burtu a goshi, ya yi ta rarrafe yana kwaikwayon tsuntsun har ya matso kusa. In bai tabbata zai kayar ba ya fasa, don a wurinsu abin kunya ne a bar dabba ta tafi da rauni. Shi da Baturen nan mai sikeli ba su taɓa haɗuwa ba, amma makarantarsu ɗaya: dukansu suna tsoron abin da ke hannunsu. Kai kaɗai ne ka fito daga makarantar da babu tsoro babu awo.

Ko a cikin danginku akwai waɗanda ya kamata ka yi koyi da su. Jean Rouch, mai shirya fim wanda kabarinsa ke can Yamai, ya ɗauki Sarkawan yankin Ayoru a farkon shekarun 1950 suna farautar dorina da zago daga cikin jirgi, ya kuma bi maharban Gaw na wajen Yatakala shekara da shekaru suna bin zaki da kwari da baka, fim ɗin zakin ya fito a 1965. Ka nemi ɗanka ya sa maka su a wayar. Abin da zai ba ka mamaki shi ne yawancin aikin shiri ne: ƙira, haɗa dafi, gyaran jirgi, neman izini, jira. Harbin kansa ɗan taƙi ne a ƙarshe.

Sannan wai ina ɓaunar take? A Saga babu abin da ya fi ƙarfin gafiya sai ambaliya, ita kuwa ka ga yadda ta yi muku a 2020, ba a tare ta da albarushi. Dorinar kogi doka ta hana taɓa ta, har gwamnati ta keɓe mata mafaka a 2017, kuma ba abokiyar wasa ba ce: mutanen Libore ba su manta da 2014 ba, da ta kifar da jirgi aka rasa 'yan makaranta fiye da goma, Allah ya jiƙansu. Ɓauna da giwa da gwanki suna gandun dajin W, wajen kilomita 150 kudu da ku, wanda aka kafa a 1954, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. Can ba a harbi, yanzu ma masu ɗauke da makamai sun sa ko yawon buɗe ido ya gagara. Dokar farauta ta 1998 ta ce sai da izini, sai a lokacinsa, bindigar ma sai da takardarta. Ina taka? Ko so kake in sayar da akuyata in zo belinka wurin jandarma? Raƙuman dawan Kure kuma kada ma ka kalle su. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage, aka daina kashe su aka yi ta lallashi har suka haura 600, a 2018 ma aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji, nan jiharmu ta Maradi. Ka ga ko raƙumin dawa da ya sami dama, wajen Gobirawa ya yo hijira.

Ga hukuncin da na yanke, kuma bawa ba ya ɗaukaka ƙara. Ka kai bindigar wurin tsohon maharbi ya tabbatar babu sauran komai a cikinta, a shafe ta da mai, a mayar da ita saman azara, jikoki su riƙa nuna ta suna cewa ta kakan kakansu ce. Janbaki kuma ka koma musu da abin da aka san ku da shi, gwangwani da tsakuwa da igiya, ga shi ma kana da gwangwanin da ya riga ya nuna jarumta. In ƙaiƙayin ganin manyan dabbobi ya dame ka, in na zo zan riƙe hannunka, na hagun, in kai ka gidan tarihi na Bubu Hama ka ga dorina da zaki ta bayan ƙarfe, in saya maka ƙosai a ƙofa.

Idan kuwa sha'awar awon ce ta kama ka da gaske, ga inda za ka fara. Watan cika-ciki yana tafe, kuɗin sharata na bara da na bana suna wuyanka. Ka auno mini shinkafar Saga tiya goma, ka rubuta a littafi yadda Turawan naka ke yi, ka fara daga ƙasa kana ƙarawa. A wannan ɗurin kaɗai na yarda ka wuce iyaka, don ni ba na tsagewa, tsagen da ke fuskata ya ishe ni.

Kala suuru, maharbin Saga. Ka gai da matata, ka gai da gwangwani.

Ubangidanka na Tsibirin Gobir.